Babi na Shida: Hoto Garau, Murya a Dishe

Wani direba da muke unguwa ɗaya da shi a Keffi yana da tsohuwar bas wadda ya cire wa kujerun baya. Tsakiyar mako dakon kaya yake yi da ita zuwa kasuwannin ƙauye, buhunan masara da doya da jarkokin manja. Asabar da Lahadi kuwa sai motar ta koma gidan kallo mai tafiya. Zai loda talabijin da risiba da amfilifaya da lasifika biyu, ya ɗaure dish a saman motar, ya nufi ƙauyukan da ke cikin lungu ta hanyar Gitata ko ta wajen Garaku, ya kafa kayansa, matasa su biya su kalli ƙwallon Ingila. Sana'a ce mai rufin asiri, da ita yake biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta. Sai dai ya yi kusan wata uku yana fama da abu guda: hoto garau, murya kuwa a dishe, ga kuma wani zuuu da ke bin ƙarƙashinta ba ya yankewa, kamar ƙudan zuma sun yi sheƙa a cikin lasifika.

Kafin ya kawo mini kukansa ya riga ya sauya LNB, wato wannan ɗan kan da ke fuskantar farantin dish, har sau biyu. Ya sayi sabuwar risiba. Ya kira mai saita dish ya biya shi. Ranar da ya tare ni bayan sallar la'asar cewa ya yi, "Malam, wallahi na gaji. Yara sun fara cewa gara su saurari wasan a rediyo. Ko dai talabijin ɗin zan sayar?"

Na ce, "Haba maƙwabci, kada ka sayar da komai tukuna. Kunna mini in ji."

Ba in gani na ce ba, in ji na ce. Wannan babin kacokan a kan wannan bambancin ya tsaya. Kowace irin lalacewar murya tana da nata amon, kuma amon yana nuna inda ciwon yake. Wanda ya iya saurare ya yi rabin gyara tun bai taɓa sukundireba ba. Wanda bai saurara ba sai ya bar jaki ya koma dukan taiki, kamar yadda maƙwabcina ya yi ta yi da kuɗin guminsa.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wasu motoci da ake ƙerawa kamar gida, da gado da madafa da banɗaki, iyali su shiga su yi makonni suna yawon buɗe ido. Ana ɗora musu dish a sama, kuma masu su suna kuka da wannan matsalar iri ɗaya sak. Dalili shi ne irin wannan mota ba ta da wuta guda ɗaya. Akwai ta batir mai bolt 12, akwai ta janareta, akwai ta inbata, akwai kuma wadda ake jona mata in an isa masauki. Mu a nan ba mu da irin waɗannan motoci sai jefi-jefi, amma kallo a kan mota ba baƙonmu ba ne: motocin majigi na zamanin Turawa da janaretansu suke yawo gari-gari a ƙasar Arewa. Kuma in an duba da kyau, yawancin gidajenmu da shagunanmu a yau halinsu ɗaya da waccan motar. A dare guda mai gidan kallo a Angwan Lambu zai fara da wutar gari, ya koma janareta, ya ƙare a kan batir ɗin sola. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan bas ɗin maƙwabcina ya shafi ɗakinka.

Bari mu fara wanke wanda aka fi ɗora wa laifi, wato dish. Waɗanda suka yi kallo a zamanin eriya, tun Keffi tana cikin Jihar Filato kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, sun tashi da wata ƙa'ida mai gaskiya a lokacinta: in ka ji shuuu a murya ka ga yayyafi a hoto, ka tura yaro ya juya sandar eriya. A wancan tsarin, gwargwadon raunin sigina gwargwadon dishewar murya. Wannan sabon ne muka ɗauko muka kawo kan dish, alhali aikinsu ya sha bamban. Abin da tauraron ɗan'adam yake aikowa yanzu lambobi ne zalla, kuma an tufka muryar da hoton a igiya ɗaya. Lambobin nan ko dai su iso cikakku risiba ta karanta su, ko su iso a gutsure ta kasa. In sun gutsure, hoto ne zai fara farfashewa gida-gida ko ya daskare, murya ta riƙa in'ina, tana tsuwwa tana ɗaukewa. Babu yadda za a yi raunin sigina ya bar maka hoto lafiya lau na tsawon minti casa'in ya kuma sa maka gurnani a lasifika. In hoto bai motsa ba, to ba a saman kwano gizo yake saƙa ba.

Akwai lokacin da dish ke da laifi, kuma yana da sauƙin ganewa. Taurarin da muke kamawa suna tsaye ne a saman tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786, suna zagaye daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganin kamar ba sa motsi. Abin da ke isowa faranti daga wannan nisa ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ƙananan dish ɗin da suka cika gari suna aiki ne a zangon da ake kira Ku, wanda ɗigon ruwan sama ke shanyewa. Masu DStv a Keffi gabas farantinsu yake kallo, domin tauraron yana kan digiri 36 ta gabas, kuma hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa. Shi ya sa tsakanin Afrilu da Oktoba za ka ga hoto ya fara kakkaryewa tun ɗigo ɗaya bai sauka a tsakar gidanka ba: ruwan yana can yana zuba a kan hanyar siginar. Wannan ba ya son gyara, haƙuri yake so. Amma in babu hadari kuma ana in'ina, shiga saitin risiba ka dubi layuka biyun nan, na ƙarfi da na inganci. Na biyun shi ne abin dubawa. In yana hawa yana sauka, nemi inda ruwa ya shiga bakin waya ya yi tsatsa, ko reshen mangwaron da ya girma ya tare gaban faranti. A mota kuwa akwai ƙari: tana kan sifirin, duk wanda ya jingina ko ya hau sai ta rausaya, kuma kaucewar digiri biyu kacal ta isa ta ɓatar da tauraro. Abin da na fara ce wa maƙwabcina ke nan, ya daina barin dish a saman mota, ya yi masa ƙafar ƙarfe ya ajiye a ƙasa ya danne da duwatsu. Ba shi ne ciwon ba, amma yana nan tafe.

Abin da ke ba ni takaici a wannan lamari shi ne, murya ta tashi daga filin wasa a Ingila, ta hau sama ta sauko, tafiyar da ta haura kilomita 70,000, ta iso cikin risiba ba ƙwarzane, sannan a taku uku na ƙarshe, tsakanin risiba da lasifika, mu lalata ta da hannunmu. A wannan ɗan tsakanin ne kusan duk ciwon yake, kuma a nan ne kuɗin magani ya fi araha.

Da ya kunna kayan a ƙofar gidansa, abu na farko da na yi shi ne na sa ya rage muryar risiba har ƙasa. Mai sharhi ya yi shiru, amma zuuu ɗin nan yana nan daram. Wannan gwaji na sakan biyar ya raba gardama: ƙarar ba daga tashar take ba, ba kuma ta cikin shirin take zuwa ba, a hanya take shiga. Sai na ce ya kawo fankar tebur ya jona a inbatar da yake amfani da ita. Fanka ta tashi tana juyawa tana gurnani da irin amon da ke cikin lasifika. Na ce masa, "Ka ji ɓarawonka."

Ga yadda abin yake. Wutar da ake rabawa a Najeriya bolt 230 ce, kuma ba a miƙe take tafiya ba, kai-da-komo take yi sau 50 a kowane sakan, tana hawa tana sauka a hankali kamar lilo. Wutar batir kuwa a miƙe take. Aikin inbata shi ne ta ɗauki ta batir ta mayar da ita mai kai-da-komo. Inbata mai kyau tana kwaikwayon lilon nan sumul. Mai araha kuwa tsalle take yi, ta haura gaba ɗaya, ta tsaya, ta faɗo gaba ɗaya, kamar mai sauka daga matakala da gudu. Kwan fitila bai damu ba, dutsen guga bai damu ba. Amma kowane tsalle yana haifar da ƙananan tartsatsi a cikin wutar, kuma amfilifaya, wadda aikinta ke nan ta ɗauki ƙaramin motsi ta girmama shi, ba ta san bambancin muryar mai sharhi da wannan tartsatsin ba. Duka take haɗawa ta tura wa lasifika. A jikin inbata ko kwalinta ana rubuta irinta. Mai sumul ɗin ita ce 'yan kasuwa ke kira fiyo sayin, kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ra'ayina shi ne duk wanda murya ce jarinsa, ko mai gidan kallo ne ko mai kula da lasifikar masallaci, kada ya yi tsumulmula a nan. Araha ba ta ado.

Sai dai maƙwabcina ba shi da kuɗin sabuwar inbata a wannan makon, kuma akwai wata hanya. Na juya adaftar risibarsa na nuna masa abin da aka rubuta: tana karɓar wutar soket ta fitar da bolt 12. Amfilifayarsa ma irin ta masu tallar magani ce, tana da wurin jona batir a baya. Ashe wutar batir bolt 12 yake ɗauka, inbata ta ɗaga ta zuwa 230 ta cika ta da datti, adafta ta sake sauko da ita 12. Zagaye ne na banza, kuma a kowane mataki ana asarar caji. Muka haɗa risiba da amfilifaya kai tsaye da batir, kowacce da fis ɗinta a kan jar waya, muka bar talabijin kaɗai a kan inbata. Zuuu ya ragu har sai ka kasa kunne. Wanda zai yi haka ya kiyaye abu uku. Ya tabbata na'urar bolt 12 take ci. Ya tabbata bai juya kan waya ba, domin juyawar sakan ɗaya ta isa ta ƙone risiba. Kuma ya san cewa manyan motoci irin tirela da tifa bolt 24 suke amfani da shi, ba 12 ba.

Akwai wata ƙarar ta daban da ya ce yana ji in dare ya yi nisa, batir ya yi sanyi ya tayar da mota don ta yi caji: wani siririn fito da ke hawa in ya taka totur, ya sauka in ya saki. Wannan altaneto ne. Duk ƙarar da ke bin numfashin inji, daga inji take. Haka ma ƙas-ƙas-ƙas ɗin da ke tafiya daidai da bugun ƙaramin janareta, tartsatsin fulogi ne ke shiga waya. Maganin na mota shi ne batir na biyu wanda aka ware wa kayan kallo, a caje shi da rana, a bar injin a kashe lokacin wasa. Maganin na janareta a nisanta shi da kayan murya, kada wayarsa ta kwanta jiki da jiki da wayar lasifika ko ta dish, a kuma duba hular fulogi in ta tsage.

Janareta yana da wani halin kuma. Domin ya ba da kai-da-komo 50 ɗin nan, dole ƙaramin janareta ya yi juyi 3,000 a minti. Da zarar firji ya tashi ko wani ya jona dutsen guga, injin zai nauyaya, juyinsa ya ragu, ƙarfin wuta ya faɗi. Talabijin na zamani yakan jure, domin yawancinsu an yi su su ci daga bolt 100 zuwa 240. Tsohuwar amfilifaya mai nauyin taransifoma ba ta jurewa. Murya za ta shaƙe, musamman in mai sharhi ya ɗaga ta lokacin da aka ci ƙwallo. In ka lura muryarka tana lalacewa ne daidai lokacin da kwan fitila ya dushe, kada ka zargi kowa sai nauyin da ka ɗora wa injin. Haka abin yake in wutar gari ta zo da rauni, kuma ƙat-ƙat ɗin da sitabilaiza ke yi tana sauya mataki yakan fito a lasifika kamar ana fasa gyaɗa.

Akwai gurnanin da ya fi waɗannan wahalar kamawa, domin yana nan ko da wutar tana da kyau. Amonsa mai kauri ne, muuu, ba ya hawa ba ya sauka, wani lokaci har da wani faffaɗan layi mai duhu da ke tafiya a hankali daga ƙasan hoto zuwa sama. Yakan faru in an jona talabijin a wannan soket, amfilifaya a wancan, ga kuma sandar dish tana taɓa kwanon rufi ko jikin mota. Kowace na'ura tana da abin da ta ɗauka a matsayin ƙasa, kuma in ƙasar wannan ta ɗan bambanta da ta waccan, sai wata 'yar wuta ta riƙa malala daga ɗaya zuwa ɗaya ta cikin rigar wayar murya. Gwajinsa: kashe risiba, cire wayar dish, sake kunnawa ka sa filashi a jikinta ka saurara. In gurnanin ya tafi, ta wayar dish yake shigowa. Sau da yawa haɗa duka kayan a kan soket mai baki da yawa guda ɗaya yana kashe shi. In ya ƙi, akwai wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana da masu kayan kiɗan mota ke sayarwa, ana sa ta a tsakiyar wayar murya, tana barin murya ta wuce ta tare waccan wutar. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne dabarar da wasu masu gyara ke yi ta karya ƙafa ta uku ta fulogi. Gurnani zai iya tafiya, amma ƙafar nan ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa ranar da waya ta taɓa jikin ƙarfe. A wurin da yara ke zaune ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima, wannan wasa da rai ne.

In ma duk wannan bai yi ba, kuma gurnanin yana ƙaruwa wata bayan wata, to adafta ce ko sashen wutar risiba ya tsufa. A ciki akwai wasu 'yan gwangwanaye, kafasita, masu tace wuta. Zafin watan Maris da Afrilu a cikin rufaffiyar mota ko shagon kwano yana busar da su, kansu ya kumbura. Aro adaftar wani mai bolt iri ɗaya, wadda amfiyarta ba ta gaza taka ba, ka gwada. Minti ɗaya ya isa.

Zuuu ya tafi daga kayan maƙwabcina, amma dishewar tana nan. Muryar mai sharhi tana fita a tsattsage kamar ana yaga ƙyalle. Na zagaya bayan amfilifaya, sai na tarar wayar da ta fito daga risiba an cusa ta a ramin da aka rubuta MIC. Wannan kuskuren na gan shi a gidajen kallo fiye da kowanne. Ramin makirfo an yi shi ne don ƙaramar wutar da makirfo ke fitarwa, 'yan ɓurɓushin kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Abin da risiba ke fitarwa yakan kai bolt guda ko ya fi. Kamar a juye tulu ne a cikin kofin shayi. Amfilifaya tana yanke duk abin da ya fi ƙarfinta, kuma wannan yankewar ita ce tsattsagewar da kunne ke ji, ko da ka rage murya ƙasa. Muka mayar da wayar ramin AUX, wasu na'urorin LINE suke rubutawa, muka ajiye muryar risiba a wajen kashi uku cikin huɗu, muka bar amfilifaya ta yi sauran. Maƙwabcina ya yi shiru yana sauraro, can ya ce, "Ikon Allah! Malam, ashe mutumin nan haka muryarsa take?" Wayar da muka saya don wannan ramin kuɗinta bai kai na man da ya ƙona zuwa wajen mai saita dish ba.

Tunda muna bayan na'ura, a dubi wayar nan mai kai uku. Rawaya ta hoto ce, fara da ja na murya. In rawaya ta faɗa ramin murya za ka ji wata muguwar ƙara mai kaushi da ke sauyawa duk lokacin da hoto ya sauya. A bayan wasu talabijin kuma jan rami biyu ne, ɗaya na murya, ɗaya a jerin kore da shuɗi wanda na hoto ne, kuma a duhun shago ana rikita su kullum. In kana murɗa kan waya kana jin ƙarar tana zuwa tana tafiya, tsatsa ce ko wayar ta karye a ciki; ƙurar hunturu da laimar damina ba sa barin waɗannan kawunan su daɗe.

Masu tsohon talabijin mai ƙeya, musamman ɗan Beljiyam, da masu raba hoto zuwa ɗakuna ta wayar eriya, suna da wata matsala tasu wadda mutane kaɗan suka san sirrinta. A tsohon tsarin watsa talabijin, ana ɗora murya a gefen hoto da wata tazara, kuma ƙasashe ba su yi ittifaƙi a kan tazarar ba. Najeriya da Jamus da yawancin Yammacin Turai megahaz 5.5 suka ɗauka, tsarin da ake rubutawa B/G. Ingila da Afirka ta Kudu 6.0, ana rubuta shi I. Rasha da Sin 6.5, D/K, kuma maƙwabciyarmu Nijar ma a 6.5 take. Amurka 4.5. Saboda haka talabijin da aka yi don kasuwar Ingila, in ka ba shi sigina mai tsarin B/G ta ramin eriya, zai nuna hoto tas, ya je neman murya inda ba ta nan, ya dawo maka da shuuu da ɗan guntun magana can ƙasa. Na san mutanen da suka kai irin wannan akwatin wajen gyara aka sauya musu lasifika lafiyayya. Maganin yana cikin rimot: a saitin risiba ko na talabijin akwai wurin zaɓar B/G ko I ko D/K, a daidaita su su zama ɗaya. Ko kuma a rabu da ramin eriya a koma waya mai kai uku, wadda wannan bambancin bai shafe ta ba.

Masu filasma da wayar HDMI nasu ciwon na zamani ne. Ta wannan wayar murya a lambobi take tafiya, gurnani ba ya shiga cikinta, amma sai risiba da talabijin sun yi yare ɗaya. Wasu tashoshi, musamman masu hoto mai kaifi, suna aiko murya a ƙunshe da tsarin Dolby wanda aka shirya don lasifika shida. In risiba ta miƙa wannan ƙunshin yadda yake ga talabijin ko amfilifayar da ba ta iya kwance shi ba, sai ka ji tsit, ko wata ƙara mai kama da ruwan ƙanƙara a kan kwano. Alamarsa ita ce wasu tashoshi lafiya, wasu a lalace, kuma kullum su ɗin ne dai. Shiga saitin murya na risiba ka zaɓi PCM, shi ke nan. In kuma tasha ɗaya tak ce ke damunka, danna maɓallin murya a rimot. Wasu tashoshin kyauta suna ɗora harshe ɗaya a hagu wani a dama, in ka bar su a haɗe sai ka ji mutum biyu suna magana a lokaci guda. In ba haka ba ne, daga can gidan tashar aka aiko ta a lalace, kuma babu abin da za ka taɓa a ɗakinka ya gyara ta.

Lasifika ita ce ta ƙarshe da za a zarga, kuma shari'arta gajeriya ce. Sa filashi ko wani abin kallo daban. In ƙarar tana nan a komai, tana kuma tsananta in an buga ganga ko mai kaurin murya ya yi magana, to takardar lasifikar ta yage, ko zanzaro ya yi gini a ciki, ko kuwa gargadar hanya ta kwance ƙusoshin da ke riƙe da ita. Dit-dirit-dirit ɗin da ke zuwa kafin waya ta yi ƙara kuwa wayar salula ce da aka ajiye kusa da amfilifaya. A gidan kallon da ake cajin waya, a raba teburin caji da na murya.

Abu biyu nake roƙon mai karatu a kansu, domin sun fi murya muhimmanci. Kada ka buɗe bayan talabijin in ba sana'arka ba ce. Mai ƙeya yana aiki da bolt sama da 20,000, kuma yana riƙe wuta bayan an cire shi daga soket. Sannan kada neman rage tsawon waya ko tsoron ɓarayi ya sa ka matso da janareta cikin rumfa, ko ka bar mota tana aiki mutane na zaune a bayanta. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin inji ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai kallo zai ɗauka barci ne kawai yake ji.

In ka bi duk waɗannan ƙarar ba ta tafi ba, lokacin mai gyara ya yi. Kafin ka ɗauki kaya zuwa shagonsa, ɗauki ƙarar a wayarka, domin sau da yawa in an jona na'urar a wutar shago ba za ta yi ba. Ka gaya masa a kan wace wuta take yi, a wace tasha, da ko tana nan in an rage muryar risiba, kuma ka tafi masa da adaftarka da wayoyinka, ba risiba tsirara ba.